Tafiyar Aiki a Lokacin Hunturu: Yadda Mai Ciwo Zai Tsara Hanya, Magani da Nishaɗinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a Kongolam cikin watan Janairu ya san yadda garin ke farkawa. Tun kafin kiran assalatu ake fara tayar da motoci, masu shayi sun hura wuta, kowa ya naɗe kai da fuska, ido kawai ake gani. Wasu za su tsallaka Ɗan Barto su nufi Matamaye da Damagaram, wasu su yi Daura, daga nan su miƙe Kazaure da Kano ko su karkata zuwa Katsina. Ranar Lahadi kuwa, da kasuwar Mai'aduwa ke ci, ba a maganar cunkoso. A waɗannan watanni ne aka gama kawar da amfanin gona, kuɗi ya shigo hannu, bukukuwa sun yawaita, 'yan cin rani sun ɗaure kaya. Wato lokacin da jiki ya fi buƙatar a lallaɓa shi, shi ne lokacin da ƙafa ba ta zama wuri ɗaya.

Idan kana fama da hawan jini, asma, ciwon suga ko sikila, kuma abincinka a kan hanya yake, ko kuwa ke ce mai haɗa wa irin wannan mutum jaka, to da ku nake. Ba zan ce ka daina tafiya ba. Likitan da ya ce wa direba ko ɗan kasuwa ya zauna a gida wata uku, korarsa kawai ya yi daga asibiti. Ba kuma zan ce ka bar ƙwallo ko ka sayar da tattabarunka ba. Abin da na lura da shi a ɗakin duba marasa lafiya shi ne, yawancin waɗanda ake kawo mana ranga-ranga a wannan lokaci ba sabon ciwo ne ya kama su ba. Tsohon ciwonsu ne da ke kwance, sai tafiya ta yanke musu magani, sanyi ya hana su motsa jiki, suka kwana inda bai kamata ba. Duk waɗannan ana iya gyara su ba tare da an fasa tafiyar ba.

Abin da hunturu ke yi wa jiki

Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, tun daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, ɗauke da ƙurar Sahara, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Cikin hanci da maƙogwaro akwai wata laima siririya da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta kafin su shige ciki. Idan iska ta bushe, laimar ta ƙafe, fatar wurin ta tsattsage, ƙofa ta buɗe wa mura da abin da ya fi mura. Manyan ƙwayoyin ƙura suna tsayawa a hanci, su ne kake fyacewa ja. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, su ke wucewa har cikin huhu.

Jiki kuma yana asarar ruwa ta numfashi da ta fata ba tare da ka ga gumi ba, ga shi sanyi yana rage jin ƙishirwa. Mutum sai ya wuni bai sha ruwan kirki ba bai sani ba. Fitsarinka ne zai gaya maka gaskiya: idan ya yi kaɗan kuma ya yi duhu kamar shayi, ana bin ka bashin ruwa. Sanyin kansa yana sa jijiyoyin jini su tsuke don jiki ya riƙe ɗumi, zuciya ta ƙara ƙarfin turawa, jini ya hau.

Haɓo yana yawa a wannan lokaci, kuma yawancin mutane suna yin akasin abin da ya dace. Kada ka ɗaga kai sama, jinin zai bi maƙogwaro ne ka haɗiye. Zauna, ka sunkuya gaba kaɗan, ka matse wuri mai laushi na hancin minti goma ba tare da saki kana leƙawa ba. Shafa ɗan man kaɗanya ko Vaseline a bakin ƙofar hanci da dare yana rage shi. Idan ya wuce minti ashirin bai tsaya ba, sai asibiti, a kuma auna jini.

Motar asuba da hawan jini

Jinin kowa yana sauka idan yana barci, ya yunƙuro sama da zarar ya farka. Shi ya sa shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya suka fi faruwa tsakanin asuba da hantsi. To ɗora sanyi a kan wannan. Ka fito daga cikin bargo, ka yi alwala da ruwan da ya kwana a waje, ka hau babur iska na dukan ƙirjinka har tasha, ka ɗaga buhu, ka yi cacar baki da ɗan kamasho. Ga mai lafiyayyun jijiyoyi wannan ba komai ba ne. Ga wanda jininsa dama yake 160 bisa 100, kuma rabonsa da magani kwana huɗu, irin wannan safiyar muke tsoro.

Na taɓa duba wani mai sayen dabbobi, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, da ya tafi da niyyar kwana biyu, ciniki ya riƙe shi kwana tara. Maganin kwana uku ya ɗauka. Da ya ƙare bai ji komai ba, sai ya ɗauka jinin ya zauna. Ranar da zai dawo, da asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, magana ta harɗe. Abokan tafiya suka yi ta shafa masa man zafi, wai sanyi ne ya shige shi, sai washegari aka kawo shi. Yana raye, amma yanzu ɗansa ne ke zuwa kasuwa.

Hawan jini ba ya sallama. Rashin ciwon kai ba shaida ba ce cewa ya sauka. Don haka ka ɗauki maganin kwanakin da ka yi niyya, ka ƙara na mako guda a kai, domin hanyar iyaka kowa ya san ba ta da tabbas: mota ta lalace, kaya su maƙale, wani lokaci a rufe hanyar gaba ɗaya. Ka sa shi cikin aljihu ko 'yar jakar da ba ta rabuwa da kai, ba cikin kayan da aka ɗaure a saman mota ba. Ka jingina shan sa da abin da ba ka mantawa ko'ina kake, kamar sallar asuba. Idan ka manta ka tuna cikin yinin, ka sha. Idan sai washegari ka tuna, ka sha na ranar kawai, kada ka haɗa biyu.

Akwai abin da marasa lafiya ba su cika faɗa mana ba sai mun tambaya. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, don haka mutum kan ƙi sha ranar tafiya, gudun ya riƙa tsayar da direba fasinjoji na harararsa. Na fahimci wannan sarai. Amma wanda ke tafiya kwana uku a mako, kusan rabin maganinsa ya zubar ke nan. Ka gaya wa likitanka. Sau da yawa ana iya matsar da lokacin shan zuwa bayan ka sauka, ko a sauya maka wani irin da ba ya sa fitsari. Magana ce ta minti biyu.

Sauran sun fi sauƙi: a ɗumama ruwan alwala da na wanka, ka zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ka miƙe, ka sa rigar sanyi da hula da safa kafin ka fita, ba bayan ka fara rawar ɗari ba. Abincin tasha, daga tsire da kilishi har taliyar mai shayi, gishiri da dunƙule sun yi masa yawa, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini shi ne giram 5, wato cokalin shayi ɗaya bai cika ba, har da wanda ke cikin dunƙule. Guzurin gida ya fi, ko da ƙosai ne da dafaffen dankali.

Ke uwargida, da kai yaron mota, ku riƙe alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, magana ta harɗe. Ko ɗaya ya bayyana, ko da ya wuce bayan minti biyar, a nufi asibiti mafi kusa nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko magani a baki, domin haɗiyarsa na iya samun matsala ya shaƙe.

Idan an auna ka a tsallaken iyaka

Wannan ya shafi mutanenmu na bakin iyaka musamman. A asibitocin Nijar, bisa tsarin Faransa, ma'aikacin lafiya kan ce maka jininka 14 bisa 9 ne. Wannan shi ne 140 bisa 90 a wurinmu, sifili kawai aka cire. Na ga wanda aka ce wa 18 bisa 11 a can, ya dawo yana murna lambar ta yi ƙasa, alhali 180 bisa 110 ke nan. Haka awon suga: can sukan rubuta da giram, a ce 1,26, wanda shi ne 126 a na'urar da ke nuna manyan lambobi, ko 7 a wadda ke nuna ƙanana. Sunan da kamfani ya raɗa wa magani ma kan bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ka sa a rubuta maka ainihin sunan maganin da ƙarfinsa a takarda, ko ka ɗauki hoton kwalin a waya. «Farar ƙwaya 'yar ƙarama» ba suna ba ne, akwai ɗaruruwa irinta. Kuma ka saya a kantin magani mai rajista, ba a faifan mai talla da rana ta gasa ba.

Mura, kemis da sitiyari

Mura ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, tana wucewa da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma, kuma kafso na kashe bakteriya ba ya yi mata komai. Matsalar ita ce haɗin da ake ƙulla wa matafiyi a leda. Yawancin magungunan mura suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci, wanda aikinsa tsuke jijiyoyin jini ne, don haka yana ɗaga jinin mai hawan jini. Suna kuma ɗauke da irin sinadarin da ke cikin Piriton, mai sa barci da nauyin kai. Direban da ya sha wannan da asuba, ya shiga hazon da fitilar motar gaba ma da ƙyar ake hango ta, da ransa da na fasinjoji yake wasa. Ibufurofen da diklofenak da ake sha don ciwon jikin tafiya suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, balle a jikin da ba ruwa. Farasitamol ya isa a mafi yawan lokuta, tare da ruwan ɗumi, zuma da lemun tsami, da ɗiga ruwan gishiri a hanci.

Taramadol da ake sha don «ƙarfin aiki» yana iya jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana. Goro da lemun ƙara kuzari suna jinkirta barci ne kawai, ba sa biyan bashinsa. Idan ka fara hamma a jere ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzun nan, ka sauka daga titi ka runtsa minti ashirin. Ranar da hazo ya yi kauri, jinkirta tashi zuwa hantsi ya fi duk wani maganin da zan rubuta maka.

Tarin da ya kai mako biyu kuma ya fita daga sahun mura, musamman idan akwai rama, gumin dare ko jini a majina. A je a gwada majina don tarin tibi. Gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana sha wata shida, kuma mai yawan tafiya ya faɗa tun farko don a tsara masa yadda ba zai yanke ba.

Asma, sikila da suga

Mai asma yana da abokan gaba uku a hanya ɗaya: ƙura, iska mai sanyi, da hayaƙin mota. Takunkumin fuska ko amawalin rawani yana taimakawa ta hanya biyu, yana tare manyan ƙwayoyin ƙura, yana kuma ɗumama iskar kafin ta shiga. Abin shaƙa mai shuɗin launi, irin Ventolin, buɗe hanyar iska yake yi na 'yan sa'o'i, ba ya kwantar da kumburin da ke ciki. Idan kana buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashin ka cikin dare, kana buƙatar na kullum mai hana tashin ciwon, kuma tun kaka ya kamata a fara, ba ranar da ƙirji ya toshe a Takeita ba. Idan ciwon ya tashi a hanya, zauna a miƙe, ka fesa sau ɗaya ka shaƙa, ka maimaita bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har sau goma idan ta kama. Idan ba sauƙi, ko ba ka iya ƙarasa jimla ba tare da tsayawa ba, asibiti.

Mai sikila ya san hunturu ba sai an gaya masa ba. Sanyi ya tsuke jijiya, rashin ruwa ya sa jini kauri, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe su maƙale, ciwo ya tashi. Babba ya yi nufin shan lita uku a yini ko da ba ya jin ƙishi, ya sa kaya a kan kaya yadda zai rage idan rana ta ɗaga, ya guji kujerar bakin taga da doguwar tafiyar babur da sassafe. Zazzaɓi mai kai 38, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama a wurin mai sikila ba abin jira a isa gida ba ne.

Mai suga kuwa ƙafarsa nake ji. Hunturu yana kawo kaushi da faso, suga kuma yana kashe jijiyoyin ji, sai mutum ya miƙa ƙafa kusa da wuta a majalisa ya ƙone bai sani ba. Yawancin ƙafafun da ake yankewa daga ɗan ƙaramin ciwo irin wannan suka faro. Ka duba tafin ƙafarka kowane dare, ka shafa mai amma ban da tsakanin yatsu, ka sa safa da rufaffen takalmi, ka gwada zafin ruwa da gwiwar hannu kafin ka tsoma ƙafa. Idan ka sha magani ko ka yi allurar insulin, kada ka shiga mota da niyyar sai an isa za ka karya. Gumi, rawar jiki da duhun gani alamar suga ya faɗi ne, a na'ura ƙasa da 70, ko 3.9, ko 0,70 a lissafin Nijar. Ka riƙe ƙwayar sukari ko dabino a aljihu. Insulin kuma kada sanyin asuba ya ruɗe ka: da rana cikin mota zafi yake yi sosai, kuma zafin da ya wuce 30 yana rage masa ƙarfi. A naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, nesa da gilashi.

Inda za ka kwana

A nan ne masu cikakkiyar lafiya ma suke mutuwa. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu, sai jinin ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa. Gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda mutane ke ɗauka ya zama lafiya, yana nan yana fitar da ita. Haka janareta a soro ko bakin taga, haka motar da aka bar injinta a kunne aka rufe gilashi aka kwanta. Alamar farko ciwon kai ne, jiri da tashin zuciya, kuma abin lura shi ne mutanen ɗaki ɗaya duk su ji tare. Mai barci kuwa ba ya jin komai. A ɗumama ɗaki in an so, amma a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe. Idan kun sami mutum a sume a irin wannan ɗaki, ku fito da shi sarari, ku kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Ɗakin da mutum goma sha biyar suka cunkushe aka toshe kowace kafa yana da wani haɗarin, wato sanƙarau. Yankinmu yana cikin zirin Afirka da cutar ke yawan ɓarkewa, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta yana farawa da hunturu ya yi tsanani a bazara. Manya ba su manta da annobar 1996 ba, a 2017 ma Katsina na cikin jihohin da ta fi shafa tare da Zamfara da Sakkwato. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ta ɓarke a jihar Damagaram, har da gundumomin Dungas, Magarya da Matamaye, ta kuma bayyana a Jigawa. Cutar ba ta tsayawa a shinge a duba mata takarda. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ciwo ba, suna yaɗa ta ta tari da numfashi a kusa, maƙogwaron da ƙura ta kakkarce kuma ya fi ba ta hanya. Zazzaɓi na farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske ko rikicewa, a jariri kuma kumburin maɗiga da ƙin nono: wannan na iya kisa cikin yini ɗaya, kuma allura tana warkar da shi idan an zo da wuri. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. Idan masu rigakafi sun zo gari kana hanya, a tabbata an kai yara da matasan gida.

Ƙwallo, farauta da tattabaru

Abin da sanyi ke fara kashewa shi ne motsa jiki. Mai zagayen asuba ya ja bargo, mai zuwa gona ba gona, sai zaman mota, zaman shago, zaman majalisa da shayi mai sukari kofi uku. Zuwa Maris ciki ya fito, suga da jini sun hau. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga, kuma ba dole sai a filin wasa ba. Shawarata ita ce kada ka yi jayayya da asuba, ka bar mata. Ka mayar da tafiyar ƙafa ko ƙwallonka bayan la'asar, lokacin da gari ya yi ɗumi. Ranar tafiya, sa'o'in da ake ɓatawa ana jiran lodi ko duba takardu sun isa ka yi zagaye na minti ashirin maimakon zaman benci. Ranar da hazo ya rufe gari har rana ta zama kamar farin wata, mai asma da mai ciwon zuciya su hakura da fili, su motsa a cikin gida. Mai asma da ke buga ƙwallo ya shaƙi shuɗin maganinsa sau biyu kamar minti goma sha biyar kafin a take wasa.

Ina ɗaukar nishaɗi da muhimmanci, ba don ya kashe lokaci ba. Mutumin da mako ya ƙare masa daga tasha sai tasha, ba ya ganin abokai, ba ya yin abin da ransa ke so, shi ne ke fara kasa barci, ya yi ta faɗa a gida, ya watsar da magani. Ka ware rabin yini a mako da ba na kasuwa ba, ka kare shi kamar yadda kake kare ranar kasuwa.

Sai dai kowane nishaɗi da inda yake cizo. Gidan kallon ƙwallo a hunturu a rufe yake ruf, cike da masu tari, janareta na ruri a bayan langa-langa. Ka zauna kusa da ƙofa. Wasannin Turai na dare a wannan lokaci ƙarfe tara suke farawa, su ƙare wajen sha ɗaya. Idan motarka ta ƙarfe biyar ce kuma kai ne a sitiyari, lissafa da kanka sa'o'in barcin da suka rage. Ni ma mai kallo ne, na san zafin barin wasa, amma sakamakon yana nan a waya da safe. Filin dambe da na kokawa, da ke cika bayan kaka a ɓangarorin iyaka biyu, ƙura ce zalla, sai a tafi da takunkumi a tsaya ta inda iska ke fitowa.

Masu farauta suna haɗa ƙura da hayaƙin ƙona daji da doguwar tafiya ba ruwa. Cizon kare, ko na gida ne, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa minti goma sha biyar, a je a yi allurar haukan kare ranar, domin idan alamun cutar suka bayyana ba ta da magani. Wanda cin rani ko farauta ta kai shi Bauchi, Taraba, Edo ko Ondo ya sani cewa rani ne lokacin zazzaɓin Lasa, wanda ɓera ke yaɗawa. Idan ka dawo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ka faɗa wa likita inda ka je tun kafin ya tambaya.

Mai kiwon tattabaru kuma ya lura da busasshen kashinsu da ƙurar gashinsu, waɗanda ke tayar da asma, wasu ma su sa musu kumburin huhu a hankali. A yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci, kada ɗakinsu ya haɗa taga da ɗakin kwana. Ga wata alama da matafiyi ya fi kowa damar ganewa: idan tari da nauyin ƙirji suna sauƙi duk lokacin da ka yi kwana uku a Kano, su dawo daren da ka koma gida, to a duba abin da ke gidan.

Ranar da za a fasa

Akwai safiyar da jaka za ta koma ɗaki ko an biya kuɗin mota. Idan na'ura ta nuna 180 bisa 120 ko sama, ka zauna minti biyar ka sake aunawa. In bai sauka ba, likita za ka gani ranar, in kuma akwai ciwon ƙirji, duhun gani ko mutuwar wani sashe, ko minti biyar ɗin kada a jira. Haka idan ka kwana kana shaƙar maganin asma, ko mai sikila ya tashi da zazzaɓi, ko mai suga ya ga ƙafa ta kumbura ta yi ja, ko yana amai ba ya iya riƙe ruwa. Idan kuma a hanya abin ya same ka, asibitin da ya fi kusa za a nufa, ko Matamaye ne ko Kazaure, ba a juya mota a ce sai an kai ka Daura wurin likitan da ya san ka ba. Takardar nan mai sunan ciwonka da magungunanka da lambar wani na gida, ita za ta yi magana a madadinka, don haka ta kasance a aljihun gaban riga, kuma abokin tafiyarka ya san tana nan.